Ranar Da Halilu Ya Ƙi Fitowa Daga Kabari

Garinmu, Tudun Baushe, a Nijar yake, gabas da Tibiri. Maƙabartarsa kuwa a Najeriya take. Tsakaninsu akwai gonakin hatsi, da turba mai yashi, da wani guntun ginshiƙin siminti da muke kira borni. Tsofaffi sun ce mafarauta biyu ne suka sari garin, kuma da babbansu ya mutu aka kai shi gindin wani baushe da ke gabas, domin can ne kaɗai ƙasa take da laka, rami ba ya rubzawa. Kowa ya bi bayansa. Da Turawa suka zo raba ƙasa, suka dasa borninsu tsakanin masu rai da matattu, suka wuce abinsu. Har gobe idan ɗan garinmu ya shiga kasuwar Kore Mairuwa sai an yi masa ba'a: ga masu rayuwa da Faransi su mutu da Ingilishi.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wani kwaleji a Dogon Dutsi. A jami'ar Yamai na karanta yadda aka ja wannan layi, kuma shekara ashirin da huɗu ina zana wa ɗalibai shi a allo. Amma ban taɓa jin nauyinsa ba. Mutanenmu suna noma can, suna aure can, suna ɗebo ruwa can idan rijiyarmu ta ja baya. A wurinmu borni wajen ɗaure jaki ne.

Wanda ya san ƙasar bayan borni taku-taku shi ne Halilu mai kushewa, wato mai haƙa kabari. Gajere ne, siriri, ya haura saba'in, kodayake shi bai san shekarunsa ba. Ubansa ya yi wannan aiki, kakansa ma haka. Shi kam da ƙuruciya ya guje masa. Ya tafi ci-rani Ikko, ya yi dako a bakin ruwa shekara goma sha ɗaya, can ya bar yatsu biyu na hannun hagu. A yunwar tamanin da huɗu ubansa ya rasu, waɗanda suka je haƙa masa suka sari ƙasa a inda ba daidai ba, suka tarar da ƙasusuwan wata tsohuwa. Da labarin ya iske Halilu ya taho da niyyar kwana arba'in. Bai sake komawa ba.

Ba ma sa alama a kabari. Damina biyu ta isa ta baje tudun. Amma kowane gida yana da layinsa, kuma layukan nan duk a kan Halilu suke, yadda ubansa ya ƙirga masa su tun yana ƙarami: taku kaza daga gindin baushe zuwa gabas, taku kaza zuwa kudu. A cikinsu akwai 'ya'yansa biyar, duk shi ya haƙa musu. Ladan aikinsa damin hatsi guda daga kowane gida idan kaka ta yi. Uwarsa 'yar bori ce, kuma har yau idan ya shiga maƙabarta sai ya ce wa baushen, "Sannu da rana, Inna," saboda doguwar da aka ce tana zaune a ciki. Samarin da suka yi karatun addini a birni sun sha yi masa magana. Amsarsa ɗaya ce: "Gaisuwa ce, ba salla ba. Maƙwabciyata ce ta shekara arba'in."

Ka'ida biyu ake bi a wannan aiki. Ta farko tasa ce shi kaɗai: idan ya gama haƙa, ba ya barin ramin. Yana zama a ciki har mai shi ya iso, domin a gidansu an ce kabarin da aka bari buɗe babu kowa, shi zai nemo wa kansa wani. Ta biyu ta gari duka ce: makara idan ta bar ƙofar masallaci ba a sauke ta ƙasa, ba a juya ta gida, sai bakin rami.

Da matata Sa'adatu ta rasu, 'yarmu Bushira tana da shekara shida. Bayan mun rufe ta Halilu ya ja ni gefe, ya nuna mini fili kusa da ita da ƙafarsa.

"Ga naka nan, Mushe," ya ce. Haka yake kirana, wato Monsieur, yadda ake kiran malamin lakwal, makarantar boko. "Kada ka yi gaugawa, ba shi gudu."

Halilu abokin ƙanin mahaifina ne, saboda haka Bushira jika take a wurinsa, kuma wasan kaka da jika suke yi. Duk hutun da muka zo gida sai ya tsaya ƙofarmu ya ɗaga murya: "Ina matata? An ce birni ta samu wani mai moto." Ita kuma ta leƙo ta ce, "Tsoho, je ka sayo haƙora tukuna, sannan mu yi magana."

Bushira ta rasu ranar wata Talata cikin watan Oktoba, a shekarar da aka rufe iyaka, bayan sallar asuba da kaɗan. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Shekarunta goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Ba zan rubuta kwanakin nan huɗu ba.

Mun iso Tudun Baushe da ita da ƙarfe goma. Tun watan Agusta ba a ƙetare iyaka, ana ƙwace babura, ana jin labarin harbi a wasu mashigai. Amma an kai mutum biyu maƙabarta a cikin watannin nan ba wanda ya ce uffan, domin masu sintiri ba su cika bin turbarmu ba. Mata suka yi mata wanka, suka auna tsawonta da karan hatsi kamar yadda aka saba, suka miƙo karan ta saman zana. Halilu ya karɓa. Ya daɗe yana kallon sa.

"Ina za a aje ta?"

"Wurina, Baba."

"Wurinka?"

"Wurina."

Ya kalle ni, ya gyaɗa kai. "To. Bari in tai in gyara ma matata ɗaki."

Ya tafi da magidanta biyu da za su taya shi sarar ƙasar sama, domin yanzu ƙaramin ramin ciki kawai yake yankawa da hannunsa.

Bayan azahar muka yi mata salla, muka ɗauka. Mun kai mutum arba'in. Muna tsakiyar gonaki sai ga magidantan nan biyu sun taho da sauri, babu kayan haƙa a hannunsu. Suka ce wata mota ta masu kaki ta zo daga ƙetare, an kore su, an ce Halilu ya fito ya ƙi. Ba wanda ya tsaya. Makara ta riga ta bar masallaci.

Motar tana ƙarƙashin wani gawo, daf da borni. Mutum shida ne da bindigogi. Babbansu saje ne, dogo, idanunsa ja irin na wanda ya daɗe bai yi barci ba. Ya tako har jikin borni ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya nan. Wanda ya wuce dutsen nan shi ya jawo wa kansa."

Masu ɗauka suka tsaya. Na duba agogo, uku saura minti ashirin.

"Gawa ce, ranka shi daɗe," in ji liman. "Ga kushewa can, kana ganin ta."

Ana ganin ta kuwa. Layin gidanmu a bakin maƙabarta yake, taku sittin daga inda muke. Ga jar ƙasa an tara, ga hular Halilu ta ɗan leƙo bayanta, ga wani mai bindiga tsaye a kansa.

"Ina ganin rami," in ji saje. "Ina ganin kaya a lulluɓe. Kwana goma da suka wuce, a wata mashiga kudu da nan, an zo da makara irin wannan, ana salati, har da masu kuka. Bindiga tara ce a ciki. Mutanena biyu ba su koma gida ba."

Na matsa gaba na ciro takardar likita daga aljihu. Na ce ni ne uban, ga sunanta, ga ranar, ga hatimi. Ya karɓa, ya juya ta, ya miƙo mini.

"Faransanci ne. Ko ka rubuta ni ne na mutu, ba zan sani ba."

Na yi masa bayani yadda nake yi a aji. Na ce maƙabartar ta girmi borni, na ce uwar yarinyar tana can, na ce kakannina suna can. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"Malam, hanya ɗaya ce. Ku sauke, ku kwance likkafani, in gani da idona daga kai har ƙafa. Sannan in yi tunani."

"Mace ce," in ji liman. "Budurwa."

"Wancan ma mace suka ce."

Ya koma inuwar gawo. Mu muka tsaya a rana. Ba a sauke makara ba, mutane suka riƙa canjin kafaɗa a tsaye. Hatsi ya riga ya nuna a gonakin gefen turba, iska ba ta motsi. Na san zafin kaka, na kuma san abin da yake yi wa jiki bayan awa tara. Da ƙarfe uku da rabi ƙudaje suka fara sauka a kan tabarmar da aka lulluɓe ta da ita. Wani tsoho ya cire hularsa yana korar su a hankali.

Mutum ɗaya ne ya ƙi a karɓe shi, Nasiruddeen, ɗan yayana, mai sayar da wayoyi a Dogon Dutsi. A gidana ya tashi, shi ya koya wa Bushira hawan keke. Yana riƙe da sandar gaba ta dama, rigarsa ta jiƙe har gindi. Ya yi mini alama da ido na matso.

"Tonton, don Allah ka saurare ni," ya ce ƙasa-ƙasa, da sunan baffa na Faransanci da ya saba kirana da shi. "Ƙasa duk ta Allah ce. Abin da aka umarce mu shi ne a gaggauta. Maganar ba a juya makara, ba aya ba ce, ba hadisi ba ne. Akwai fili bayan masallaci, mu goma za mu haƙa cikin awa guda. Ko ka bari wannan mutumin ya buɗe ta, ko mu juya. Tana shan rana, Tonton."

Hawaye yake yi yana faɗa. Babu kuskure ko ɗaya a maganarsa, na sani a lokacin, na sani yanzu. Ba zan bari a kwance mata likkafani a kan turba gaban mutum arba'in ba. Abin da ya rage shi ne in juya da ita, in sa ta a yashi bayan masallaci ita kaɗai, uwarta tana taku sittin daga inda nake tsaye. Na ga tsofaffi sun gane abin da zan faɗa, sun sunkuyar da kai. Na buɗe baki.

"Kai, mai igiya uku!"

Muryar Halilu ce daga cikin ramin. Daga baya na ji cewa sau uku aka ce ya fito, har aka ɗana bindiga a kansa, shi kuwa ya zauna a ƙasan kabarin ya miƙe ƙafa, ya ɗora karan awo a cinya.

Saje ya fito daga inuwa. "Tsoho, na ce ka fito daga ramin nan!"

"Ba ni hita. Ɗaki na da mai shi, ga ta can kun tsai da ta rana. In kun hana ta, ku turo ƙasa bisa ni. Na gwada, daidai da ni ne."

Ɗaya daga cikin masu kakin ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"Tambaya nika yi maka," in ji Halilu. "Ka taɓa sa kahwaɗa ga makara?"

Saje ya kau da kai.

"Kurma ne babban naku? Na ce ka taɓa ɗaukar mutum?"

"Na ɗauki ubana," in ji saje. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Na ɗauki mutanena biyu."

"To mi za ka yi da ido? Ido shi aka ruɗi. Sa kahwaɗa. Ƙarhe danna ka shika yi, mutum jingina shika yi. In ka ji ƙarhe, zo ka harbe ni nan inda nike, na rage maka wahalar gina."

Ba wanda ya motsa. Wanda ke tsaye a kan Halilu ya waiwayo yana kallon babbansa. Na ga hannun saje a kan bindigarsa, na ga yatsansa, na kuma ga cewa tsoho ya yi masa magana irin wadda ba a yi wa mai bindiga gaban na ƙasa da shi. Na tuna yatsun Halilu biyu da ke Ikko, ban san dalili ba.

Saje ya cire bindigar daga wuyansa, ya miƙa wa na kusa da shi. Ya tako zuwa borni, ya tsaya gaban Nasiruddeen. Nasiruddeen ya kalle ni. Na gyaɗa kai. Ya zare kafaɗarsa a hankali, saje ya sa tasa.

Ya fi sauran ukun tsawo. Da ya miƙe, makara ta karkata baya kaɗan, abin da ke cikin tabarmar ya ɗan zame, kamar mai barci da ya gyara kwanciya. Ni da na ɗauke ta daga gadon likita da safe na san abin da ya ji. Kwana huɗun sun cinye ta, ba ta da nauyi.

Ya tsaya haka. Ban san tsawon lokacin ba, wannan karon ban duba agogo ba. Sannan ya waiga hagu da dama yana neman wanda zai karɓe shi. Ba mu shirya ba, ba wanda ya yi wa wani raɗa, amma mu arba'in kowa ya kalli ƙasa. Liman ya fara salati a hankali. Mutum biyun da ke baya suka ɗan matsa, makara ta tura shi, ya ɗaga ƙafa don kada ya faɗi, ya sauke ƙafar a hayin borni.

"Uban, da liman, da wannan mai kukan," ya ce ba tare da ya waiwaya ba. "Sauran ku tsaya inda kuke."

Mu ukun muka karɓi sauran sandunan makarar. Shi ya kai ta har bakin rami. Na ƙirga, taku sittin da uku ne.

Halilu bai fito ba sai da ƙafar Nasiruddeen ta taɓa ƙasan kabarin. Sannan ya miƙo mini hannunsa mai yatsu uku, na jawo shi, na shiga. Da aka shimfiɗa zane a kanmu don a sauke ta, saje ya juya baya, ya ce wa mutanensa su juya. Muka kwantar da ita a kan damanta tana fuskantar gabas. Ramin ya yi daidai, ko ɗan yatsa bai ragu ba. Halilu ya jera itace, ya shimfiɗa ganyen sabara, ya toshe da kwaɓaɓɓiyar laka, muka tura ƙasa. Da tudun ya tashi ya ɗora karan awo a kai, a tsawonta.

"To, matata," ya ce. "Ga uwarki nan ga damanki. Mai moto ya rasa, tsoho ya rasa."

Saje ya sa aka mayar masa da kayan haƙarsa. Da muka zo wucewa ya ce mini, "Allah ya ji ƙanta, malam. Kada ku sake tahowa haka. Jibi za a canje ni, kuma wanda zai zo ba lalle ne ya taɓa ɗaukar kowa ba." Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba.

Gari ya ji maganarsa. Wanda ya rasu bayan Bushira, bayan masallaci aka sa shi, a filin da Nasiruddeen ya faɗa. Yashi ne, sai an tokare gefen rami da itace, kuma Halilu yana haƙa can yana mita. Ko da aka buɗe iyaka daga baya, rabin gidaje ba su koma gindin baushe ba, saboda dajin gabas ba shi da tabbas yanzu. Nasiruddeen har yau yana cewa da mun juya tun ƙarfe uku da mun rage mata awa guda a rana. Ba na yi masa musu.

Bayan damina ta biyu na je gida, na roƙi Halilu ya raka ni. Tudun ya baje, karan ya ruɓe, ciyawa ta rufe wurin. Da ni kaɗai ne da ban gane ba. Ya gai da baushe, ya jingina bayansa da shi, ya fara taku yana ƙirgawa a fili.

"Rubuta, Mushe, kai da ka iya rubutu. Ɗiyana biyu da sunka rage suna Yamai, ba mai son gina."

Na ciro takarda. Talatin da ɗaya zuwa gabas, huɗu zuwa kudu, Sa'adatu. Ɗaya kuma, Bushira. Na tambaye shi ko ranar nan ya tabbata saje zai gane da kafaɗa.

"Ina ni ina tabbata? Ban san shi ba. Abin da na sani, ba ni hita."

Ya ƙara taku ɗaya zuwa kudu, ya tsaya daf da wata geza, ya share ƙasa da ƙafarsa.

"Tsakaninta da gezar ga akwai wurin mutum guda, in bai yi ƙiba ba. Rubuta shi ma, tunda ka ba da naka."

Na rubuta.